Jumlar Sharaɗi Bayan Aikatau na Ruwaya a Turanci: Misalai daga Fagge da Sabon Gari



Wannan lacca ta shafi abin da ke samun jumlar sharaɗi a Turanci idan aka ruwaito ta daga bakin wani, watau idan ta biyo bayan aikatau irin su "say" da "tell" da "promise" da "ask". Waɗannan su ne za a kira aikatau na ruwaya, domin da su ake kawo maganar da wani ya yi. Jumlar sharaɗi kuwa ita ce mai ganga biyu, ɗaya ta sharaɗi, ɗaya ta jawabinsa, kamar a ce, "In ka biya, zan kawo kaya."

An zaɓi a ɗauko misalai daga Fagge da Sabon Gari ne saboda tarihinsu. Fagge tun asali zango ne na fatake da Buzaye a bayan ganuwar Kano, daga baya Larabawa da Kwarori suka kafa kantuna a wurin, har aka sami kasuwar Kantin Kwari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari a wajejen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun daga wannan zamani ake yin abu ɗaya a tsakanin unguwannin nan biyu: a ƙulla ciniki da Hausa a bakin kanti, sa'an nan in ta kai ga takarda, a rubuta da Turanci. Dillali ya ji da Hausa, akawu ya rubuta da Turanci, lauya ya karanta abin da akawu ya rubuta.

To, a ɗauka wani mai shago a kasuwar Sabon Gari ya je Kantin Kwari ya taya dila goma ta atamfa wurin wani Alhaji. Akwai maganganu iri uku da Alhajin zai iya yi masa. Yana iya cewa, "In ka biya ran Juma'a, zan ba ka a wannan farashi." Wannan alkawari ne, ya sallama, sauran biya. Yana iya cewa, "Da za ka biya ran Juma'a, da na ba ka a wannan farashi." A nan bai sallama ba, yana dai nuna abin da zai yiwu, kuma cikin maganar akwai alamar ba ya zaton kuɗin za su samu. Yana kuma iya cewa, bayan ranar ta wuce, "Da ka biya ran Juma'a, da na ba ka." Wannan kuwa magana ce a kan abin da bai faru ba, kuma ba zai faru ba.

Idan mai shagon ya koma ya ba abokinsa labari da Hausa, wakilin suna kawai zai sauya. Zai ce, "Ya ce in na biya zai ba ni," ko kuwa, "Ya ce da zan biya, da ya ba ni." Kalmar "in" tana nan, kalmar "da" tana nan, lokacin aikatau bai motsa ba. Duk wanda ya ji labarin ya san irin maganar da Alhaji ya yi.

Turanci ma yana da waɗannan nau'o'i uku a maganar baki da baki. Na farko, "If you pay on Friday, I will sell." Na biyu, "If you paid on Friday, I would sell." Na uku, "If you had paid on Friday, I would have sold." Sai dai Turanci ba shi da kalmomi biyu kamar "in" da "da". Kalma ɗaya ce, "if", ke aiki a dukkan ukun, kuma lokacin aikatau ne kaɗai ke bambanta su. A nan ne matsalar take, domin Turanci yana da wata ƙa'ida ta dabam wadda ita ma lokacin aikatau take taɓawa. Idan aikatau na ruwaya yana cikin shuɗaɗɗen lokaci, kamar "said" ko "told", to, aikatan da ke cikin maganar da aka ruwaito sukan ja da baya taki ɗaya: "pay" ya koma "paid", "will" ya koma "would". Randolph Quirk da abokan aikinsa sun bayyana wannan ƙa'ida a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1972, suka faɗaɗa ta a na 1985.

Sai a duba sakamakon haka. Idan aka ruwaito magana ta farko, wadda take alkawari, za ta zama, "He said that if I paid on Friday, he would sell." Idan aka ruwaito ta biyu, wadda take zato ce kawai, galibi ba a sauya mata kome, saboda haka ita ma za ta zama, "He said that if I paid on Friday, he would sell." Jumla ɗaya ce, harafi da harafi. Bambancin da Bahaushe ya ji da kunnensa a Kantin Kwari ya ɓace a kan takarda, alhali tafinta bai yi kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Nau'i na uku shi ba ya motsi, domin babu wani lokaci a bayan "had paid" da za a ja shi zuwa gare shi. Amma ko a nan akwai ɗan tarko, domin wani marubucin yakan ja nau'i na biyu baya idan ranar ta riga ta shuɗe, ya rubuta "had paid" da "would have sold", sai ya yi kama da na uku.

Wannan ya fi nauyi a kotu. A Babbar Kotu da kotunan majistare da Turanci ake rubuta bayanin shari'a, ko da shaida da Hausa ya yi magana. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, kamar yadda sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya tanada a da. Amma samun tafinta daban, isar magana yadda aka faɗe ta daban. Idan rikicin atamfar nan ya kai gaban alƙali, tambayar da za a yanke hukunci a kanta ita ce, shin Alhaji ya yi alkawarin da ya ɗaure shi, ko kuwa hira ce ta neman daidaitawa? Alƙalin farko ya ga fuskar shaida, watakila ma yana jin Hausa. Alƙalan ɗaukaka ƙara kuwa takarda kawai za su gani, ita kuma takardar ta ce "if I paid, he would sell". Haka kuma a shari'ar barazana: "In ka sake zuwa, zan karya ka" da "Da za ka sake zuwa, da na karya ka" ba nauyinsu ɗaya ba, amma rigar Turanci ɗaya za su sa idan aka ruwaito su.

Akwai hanyar kauce wa wannan, kuma tana cikin Turancin kansa. Ja da bayan nan ba wajibi ba ne a kowane hali. Idan abin da aka faɗa yana nan da ƙarfinsa, alal misali Juma'ar ba ta zo ba tukuna, daidai ne a rubuta, "He said that if I pay on Friday, he will sell." Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan kuskure ne, saboda an horar da su a kan su ja kowane aikatau baya don cin jarrabawa, kuma wannan horo ya yi wa rubutun ofis illa fiye da yadda ake zato. Idan kuwa ranar ta wuce, sai a zaɓi aikatau na ruwaya wanda zai ɗauki nauyin da "if" ya kasa ɗauka. "Promised" da "undertook" suna nuna alkawari, "suggested" yana nuna shawara, "claimed" da "alleged" suna yin kusan aikin da "wai" ke yi a Hausa. Inda kuɗi ko 'yancin mutum ke rataye da maganar, abin da ya fi aminci shi ne a kawo ta yadda ta fito daga bakin mai ita, cikin alamar zance.

Saura wani rikici na biyu, wanda ya fi shafar ma'aikatan ofis. Bayan aikatau irin su "ask" da "tell" da "inform" da "know", kalmar "if" sau da yawa ba sharaɗi take nufi ba, tana nufin "ko". Wanda ya ce, "He asked if the lorry had come," cewa ya yi an tambaya ko motar ta iso. Wannan a fili yake. Amma a ɗauki takardar da za ta fito daga hedkwata zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Fagge tana cewa, "Inform this office if the allowance has been paid." Wani akawu zai fahimci, "A sanar da mu ko an biya alawus ɗin," sai ya ba da amsa, an biya ko ba a biya ba. Wani kuma zai fahimci, "A sanar da mu in an biya," sai ya yi shiru tun da ba a biya ba, ita kuwa hedkwata ta zauna jiran amsa, ma'aikata suna jiran kuɗinsu. Dukkansu biyu sun karanta daidai. Laifin na wanda ya rubuta ne.

Gwajin da za a yi mai sauƙi ne. Idan za a iya ƙara "or not" a ƙarshen gangar ma'ana ba ta lalace ba, to "ko" ake nufi, sai a cire "if" a sa "whether", wadda ba ta da fuska biyu. Idan kuwa sharaɗi ake nufi, sai a kawo gangar farkon jumla: "If the allowance has been paid, inform this office." Akwai kuma wata alama: "will" ba ta cika shiga gangar sharaɗi ba, amma tana shiga ta "ko" ba tare da wani aibu ba, kamar a "Tell us if he will attend."

Game da kalmar "that" da ke shiga tsakanin aikatau na ruwaya da "if", a magana akan yar da ita, ba laifi. A rubutun tarihin taro da takardun shaida gara a bar ta, domin ita ke nuna wa mai karatu cewa sharaɗin yana cikin maganar da aka ruwaito. Wanda ya karanta "She will tell him that if the goods arrive" ya san sauran magana na tafe, kuma sharaɗin na cikin saƙon da za a kai ne. Wanda ya karanta "She will tell him if the goods arrive" kuwa yana iya tsayawa nan, ya ɗauka jumla ta cika, kuma sai kaya sun iso za a gaya masa.