Barcin Kwamfuta da Amanar da ke Wuyan Direba

 

A ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kowa ya san darajar caji. Shi ya sa barcin kwamfuta ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke ɗauke da nauyinsa kuwa shi ne direba, ƙaramar manhajar da ke magana da kowane ɓangaren na'ura a madadin babbar manhaja.

A Disamba 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, wanda ya karɓe ikon sarrafa wuta daga hannun BIOS, manhajar da ke fara tayar da na'ura, ya damƙa wa babbar manhaja. Tsarin ya raba halin da na'ura ke ciki mataki-mataki: S0 shi ne farke. A S3 ana kashe kusan komai, a bar ƙwaƙwalwa da 'yar wuta. A S4 kuwa sai a kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa a rubuta a faifai. Kowane ɓangare ma yana da nasa matakan, daga D0 zuwa D3.

Kafin barci, direba zai adana halin da ɓangarensa ke ciki, ya rage masa wuta, sannan ya ba shi izinin tayar da na'ura ko ya hana. Katin sadarwa, alal misali, yana iya zama kamar mai gadi, gida na barci shi yana sauraro. Saƙo ɗaya yake jira: bayit shida na FF, sai lambar shaidarsa ta MAC sau 16. Da ya ji shi, sai ya tayar da kwamfutar.

To, a ina gizo ke saƙa? A ɗan lokacin nan da na'ura ta fara shirin barci amma ba ta kai ga barcin ba. Idan kira ya shigo waya a daidai wannan lokaci, direba ya karɓa bai shaida wa kowa ba, wayar za ta yi barci, kiran ya wuce. Masu Android sun magance wannan da makullin da ke hana barci, lamarin da ya jawo doguwar muhawara da masu haɓaka Linux. A 2010 Rafael Wysocki, ɗaya daga masu haɓaka Linux, ya kawo hanyar ƙidaya: a karanta adadin alamun farkawa kafin a fara shiri, in adadin ya canza, a fasa barcin. A 2012 Linux 3.5 ta ɗora barci mai sarrafa kansa a kan wannan tushe.

Ɗaya kuskuren shi ne farkawa babu dalili. Direba ya bar wa linzami izini, ɗan motsi kaɗan ya tayar da kwamfuta a cikin jaka, ta yi zafi, batir ya ƙare. A Windows, umarnin powercfg /lastwake zai nuna muku abin da ya tashe ta.

Saboda haka ɗalibaina, in kun rubuta direba, kada ku ce kun gama don ya yi aiki a farke. Ku sa na'urar barci, ku tashe ta, ku maimaita ba gajiya, ku aika mata alama tana tsakiyar shiri. Cajin ɗalibi da kiran gaggawa na mai jinya duk amana ce a hannunku.