Ɗan dodon koɗi da ciyawar teku



Mu nan Nijar ba mu da teku, amma ku ba ni aron kunnuwanku mu leƙa gaɓar Biritaniya, yankin nan na yammacin Faransa. Can akwai wani ɗan dodon koɗi, masana na ce mai Littorina obtusata. Girmansa bai kai santimita 2 ba. Bisa ciyawar teku yake zaune, ita yake ci. Wani rawaya ne, wani kore, wani ƙasa-ƙasa, har ya saje da ciyawar. Sau 2 a rana ruwa na janyewa. Lokacinnan sai ya laɓe cikin danshinta, kada ya bushe.

To, ga abin lura: ƙwansa ma bisa ganyenta yake ajiyewa. Ƴaƴan ba su bin ruwa su yi nisa. Inda sunka ƙyanƙyashe, nan suke girma. Mutanen yankin kuwa suna yankan ciyawar don taki da masana'antu. In an aske ta har gindi, gida ya tafi, abinci ya tafi, zuriya ta tafi. Shi ya sa doka ta ce mai yanka ya bar gindi ya sake toho.

Kai da za ka ɗauka, ka bar na gobe.

Wassalam.