Kafin Mai Amada Ta Kama Hanya

Yau da masu kiɗan amada nake, musamman ke da aka gayyata biki na kwana biyu ko uku a Katsina ko Maraɗi. Sana'a ce mai tarihi, ita ta fito da sunan Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013.

Da farko, ki nemi izinin maigida, ki faɗa masa gidan da za ku sauka da ranar dawowa. Ki kuma san hannun wa za ki bar yara.

Na biyu, maganar kuɗi. Uwar biki ta ba da kafin alƙalami da kuɗin mota tun kuna gida. Sannan ki zauna da 'yan amshinki ku yanke yadda za a raba liƙi. Yawancin ɓatawar abokan kiɗa wajen rabo ake yinta, bayan an gaji.

Na uku, kayan aiki. Ƙwarya ba ta jure matsi a mota. Ki aika a sayo ta ajiya a Kasuwar Kurmi, ki naɗe kowace da zane, ki riƙe su a cinya.

In Maraɗi ce, ku tafi da katin shaida, ku canji ɗan sefa. Muryarki kuwa, ki guji ƙanƙara, ki riƙi citta da zuma.

Allah ya kai lafiya, ya dawo da ku lafiya.