Haɗa Ma'aikatu Da Haɗa Littattafansu: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Rano Da Kibiya

Maganar yau a kan haɗa ma'aikatu ne don rage ɓarnar kuɗi, da abin da ya wajaba a shirya tun kafin a sa hannu.

A 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ba da umurni kowane banki ya kai jarinsa Naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, alhali dā biliyan 2 ake nema. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa, wanda babban ofishinsa ke Kano, ya haɗu da waɗansu takwas, aka sami Unity Bank a 2006.

To, sauya allon ƙofa aikin yini guda ne. Wuyar tana ga littafi, watau kwamfutar da ke riƙe da lissafi. Banki tara, littafi tara, kowanne da yadda yake ba da lamba, da yadda yake rubuta suna. Ga misali, manomin Zinyau ya sayar da hatsinsa ya ajiye kuɗin. Nan an rubuta shi Mamman, can Muhammadu. In ba a daidaita ba, ko a mai da mutum ɗaya biyu, ko a haɗe biyu su zama ɗaya, kuma dukansu hasara ce. Irin wannan ruɗani yana cikin dalilan da suka sa daga baya aka fito da lambar asusu mai alƙalami goma, sa'an nan BVN a 2014.

Kada a ce ciwon nan namu ne kaɗai. A Ingila, cikin Afrilu 2018, bankin TSB ya kwashe lissafin jama'arsa zuwa kwamfutar sabon mai shi, Sabadell na Sifen, tun ba a gwada ta sosai ba. Mutane suka yi makonni suna fama kafin su kai ga kuɗinsu. Abin da aka shirya don tsimi ya ci wa bankin kimanin fam miliyan 330, ban da tara.

Asalin kuskuren shi ne manya su yanke ranar haɗewa da yawan kuɗin da za a rage, kana su kira mai kwamfuta su ce ya aikata. Lalle a zaunar da shi tun a shawarar farko. Kuma a sani shekarar fari kashewa ake yi: a biya tsohon tsari da sabo tare, a koyar da ma'aikata. Ragin sai daga baya.

Wannan ya shafi gundumomi kai tsaye. An ɗaga Masarautar Rano a 2019, aka soke a Mayu 2024, aka sake kafa ta a Yuli da ƙananan hukumomi uku, Rano, Bunkure da Kibiya. Kowace sauyawa takardu ne ke ƙaura: na gonaki, na gado, na albashin dagatai da masu unguwanni. Saboda haka kada hakimi ya karɓi ƙasa ko ya miƙa sai malaminsa ya zauna da na wancan gefe, sun bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, sun sa hannu. Tsohon littafi kuwa a kulle shi a ajiye, har sabon ya shekara ba a sami saɓani ba.