Waƙar Samari da Rediyon Karkara: Wa Ke Riƙe da Makirufo?

Jawabin da aka gabatar a Bambeye, jahar Tawa, gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.



Ƙasar Adar ba baƙuwar waƙa ba ce. Nan ne mahaifar Ɗan Gurmu, wanda aka raɗa wa gasar mawaƙa ta ƙasa sunansa. Saboda haka idan dattawa suka ji samari na zuba magana da sauri bisa bugun ganga na inji, wato abin da ake kira rap, kada su yi hanzarin cewa shirme ne. Salon ya taso daga unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka wajen 1973, cikin ƴaƴan talakawa baƙar fata. Amma abin da ya buɗe masa ƙofa a Nijar siyasa ce.

Kafin Babban Taron Ƙasa na 1991, tashar rediyo ɗaya ce tak ta cikin gida: Muryar Sahel, ta gwamnati. Bayan taron aka saki mara. R et M ta fara aiki a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya. A waɗannan tashoshi ne jama'a suka soma jin ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass Wong da Kaidan Gaskiya, suna gauraya Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna magana kan rashin aikin yi, cin hanci da auren dole. Ƴancin nan kuwa bai zo a ɓagas ba. A watan Yulin 1996, lokacin zaɓen da Janar Ba'are ya shirya, sojoji sun rufe Anfani. A watan Maris na 2005, da gwamnatin Tanja ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara, sukari, fulawa, ruwa da wuta, jama'a suka rufe kasuwanni, hukuma kuma ta rufe rediyon Alternative. Ƴan kasuwar da ke zaune a nan ba su manta ba.

To, duk wannan labarin birni ne. Rediyon karkara daban take. Ta farko an kafa ta a Bankilare a 1999, da hasken rana take aiki, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya irinta suka haura ɗari. An gindaya musu sharaɗi: ba ruwansu da siyasar jam'iyyu. Sharaɗin yana da hujja, domin tashar da ɗan takara ya saye ta zama kakakinsa. Sai dai an faɗaɗa ma'anarsa har ya haɗiye abin da bai shafe shi ba. Tambayar inda harajin kasuwa ya shiga ba kamfe ba ce. Tambayar dalilin da ya sa rijiya ta lalace shekara biyu ba a gyara ba, ita ma haka.

Akwai kuma takunkumin da ya fi doka ƙarfi, shi ne kuɗi. Tashar ƙauye ba ta da talla sai sanarwar biki da ta rasuwa da cigiyar dabba. Ƙungiyoyin agaji ne ke sayen lokaci, su ne kuma ke zaɓen zance: rigakafi, sida, karatun ƴan mata. Duka alheri ne. Amma saurayin da ya soma waƙa don ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sai ya wayi gari mai shela, ana rubuta masa abin da zai faɗa. Wa zai biya kuɗin waƙar da ke tambayar me ya sa ƙauyukan Adar ke zama wayam bayan girbi, majiya ƙarfi sun kama hanyar Abijan ko Libiya?

A Senegal mawaƙan Keur Gui na Kaolack na cikin waɗanda suka kafa Y'en a marre a 2011. Sun bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, Abdullahi Wad kuma ya faɗi a 2012. Ba su tsaya takara ba.

Abin da ake nema a nan bai kai haka ba. Ƴan kasuwa su haɗa kuɗi su sayi sa'a guda kowane mako, ba tare da sun sa baki a abin da za a faɗa ba. Samari su yi waƙarsu. Ma'aikacin da aka ambaci ofishinsa ya zo mako mai zuwa da takardunsa, ya ba da amsa a makirufo ɗin da aka yi masa tambayar.