Lissafin Allo da Lissafin Aljihu



Mun shekara shida a sakandare muna fama da lissafi, amma ba a taɓa zaunar da mu an nuna mana yadda ake tattalin albashi ya kai ƙarshen wata ba. Wannan rashi ya daɗe. A 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, da yawa suka ruga sayen babur da rediyo, kaya suka yi tsada, kuɗin suka bi ruwa.

A 2016 kuma MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. Ɗan aji uku ma zai iya lissafawa: naira 1,000 za ta haura 23,000 cikin shekara guda. Wace sana'a ce, daga Kurmi har Kantin Kwari, take haifar da haka? Amma har masu digiri suka zuba dukiyarsu, a watan Disamba aka dakatar da biya.

Saboda haka muna roƙo, in an yi hutu kowannenmu ya koma makarantarsa ta da, ya koya wa ƙannenmu abu uku. Su riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Su ware na ajiya kafin na kashewa, ko a adashi ko a banki; mai gudun kuɗin ruwa, ga bankin Jaiz tun 2012. Sannan duk wanda ya yi musu alkawarin riba, su tambaye shi daga ina take fitowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.