Abincin Keto da Taɓin Hankali: Abin da Ya Kamata Masu Jinya Su Sani



An ba ni in yi magana a kan wani labari da ke yawo a wayoyinmu, cewa wai akwai wani tsarin cin abinci mai suna keto da ke warkar da taɓin hankali. Da yake kusan kowace ikkilisiya tana da gidan da ke jinyar ɗa ko 'ya mai wannan ciwo, ya kamata mu san iyakar gaskiyar da ke cikin maganar, domin kada wani ya ajiye maganinsa saboda abin da ya gani a WhatsApp.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya yi ta zargin ana binsa ko ana sa masa guba a abinci, zancensa ya warwatse, ya janye jiki daga mutane. Yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 24 ke da shi, wato mutum 1 cikin 300. Abin da ba mu cika ji ba shi ne, waɗannan bayin Allah sukan rasu da shekara 10 zuwa 20 kafin tsararsu, kuma yawanci ciwon zuciya da ciwon sukari da danginsu ne ke ɗaukarsu. Ke nan ciwon bai tsaya a kai kaɗai ba, jiki duka yana ciki.

To, ina haɗin ƙwaƙwalwa da sukari? Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kuma makamashinta na kullum shi ne sukarin da ke cikin jini. Mun san cewa wasu magungunan wannan ciwo, musamman olanzapine da clozapine, suna sa ƙiba da hauhawar sukari. Amma maganar ta girmi magungunan. Tun a 1879 wani likitan Ingila mai suna Henry Maudsley ya lura cewa ciwon sukari yana yawan fitowa a gidajen da ake da taɓin hankali. A 2017 kuma masana a birnin Landan suka tattara bincike da dama, suka ga cewa tun a tashin farko na ciwon, kafin magani ya yi wani tasiri, jikin marasa lafiyan ba ya sarrafa sukari daidai. Daga nan wasu likitoci suka fara tunanin cewa mai yiwuwa ƙwaƙwalwar tana fama da ƙarancin makamashi ne, kamar fitilar da ke da kananzir amma lagwaninta ba ya ja.

Nan ne keto ya shigo. Tun zamanin da, an lura cewa azumi yana rage faɗuwar masu farfaɗiya, amma ba mai iya yin azumi har abada. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abincin da zai sa jiki ya zama kamar yana azumi alhali mutum yana ci: maiƙo da yawa, nama ko kifi daidai gwargwado, abinci mai sitaci kuwa ɗan kaɗan ainun. In sitaci ya yi ƙaranci, hanta sai ta juya kitse ya zama wani sinadari da ake kira keton, ƙwaƙwalwa ta ƙona shi a madadin sukari. Har yau ana amfani da wannan tsari wajen yara masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, kuma a wannan fanni amfaninsa tabbatacce ne. Da yake wasu magungunan farfaɗiya suna aiki a ciwon hankali, sai aka ce bari a gwada abincin ma.

Ga abin da aka samu. A 1965 an gwada shi a kan mata 10 masu sikizofireniya a Amurka na mako 2, aka ga sauƙi. A 2022 Dokta Albert Danan na birnin Tulus a Faransa ya ba da rahoton marasa lafiya 31 da ya kwantar a asibiti. 28 sun iya riƙe abincin fiye da mako 2, kuma sun sami sauƙi a hankalinsu da nauyinsu. A 2024 Dokta Shebani Sethi ta Jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon mutum 21 da suka yi wata 4 a kai. Sun rage kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, alamun ciwon kuma sun ragu da wajen kashi ɗaya bisa uku a wurin masu sikizofireniya.

Labari ne mai daɗi, amma 'yan'uwa ku lura da abu uku. Na ɗaya, cikin mutum 21 ɗin nan, 5 ne kawai ke da sikizofireniya. Na biyu, ba a ajiye wani rukuni da ke cin abincin yau da kullum don a kwatanta ba, saboda haka ba za a iya rarrabe aikin abincin da aikin kulawar da aka ba su ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: mutanen nan suna shan magungunansu a lokacin gwajin, ƙarƙashin idon likita. Abincin ƙari ne a kan magani. Waɗannan gwaje-gwaje sun nuna cewa hanyar ta cancanci a bi ta da babban bincike, ba su nuna cewa an sami waraka ba.

Sai batun namu gidajen. Keto yana bukatar sitaci kada ya wuce giram 20 zuwa 50 a yini, malmalar tuwo ɗaya kuwa ta haura haka. Ke nan babu tuwo, babu shinkafa, doya, rogo, dankali, burodi, fura ko kunu. Abin da ya rage shi ne ƙwai, kifi, nama, man shanu, man gyaɗa, man ja, da ganye irin su zogale, alayyafo da kabeji. Kowa ya san kuɗin wannan a kasuwa. Yana kuma da illa: taurin bayan gida, tsakuwar ƙoda, hauhawar kitse a jini, da kasala a makonnin farko. Ga mai ciki, mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, shiga shi ba tare da likita ba hatsari ne ga rai. Haka nan kada a ce tun da daga azumi aka samo shi, bari a sa mara lafiya dogon azumi. Yunwa da rashin barci da tsallake magani suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

To, me za mu yi? Na farko, kada kowa ya daina magani ko ya rage shi sai da izinin likita. Mu yi wa ɗan'uwa addu'a, mu kuma raka shi asibiti. Na biyu, in kun je, ku roƙi a auna nauyinsa da hawan jininsa da sukarinsa, ba kai kaɗai za a duba ba. In ya fara ƙiba da sauri bayan sabon magani, ku faɗa, domin akwai wasu magungunan da ba su cika sa ƙiba ba. Na uku, akwai abin da kowane gida zai iya tun yau ba tare da keto ba: a rage lemon kwalba da sukari a shayi da kunu, a rage tuwo a ƙara miyar ganye da wake, a taimake shi ya bar taba, a fita tafiya tare da shi. Na huɗu, wanda ke da hali kuma yana son gwada keto, ya kai maganar ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitocin tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, a yi shi da gwajin jini da bibiya.

Iyayenmu mata na zumunta, ku ne ke dafa abincin, ku ne ke zuwa gaisuwa. In za ku kai wa irin wannan gida ziyara, ƙwai ko kifi ko ɗaurin zogale ya fi kwalin lemo amfani. Ku zauna ku ci tare da mara lafiyan, ku tambayi mai jinya ko maganin wata ya ƙare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.